Ranar da Minti-Biyar Ya Buɗe Injin Motar Yaya

Mijin Maman 'yan biyu bai taɓa ganin aikin da zai ɗauke shi fiye da minti biyar ba. Famfo ya lalace, minti biyar. Fanka ta tsaya, minti biyar. Shi ya sa duk layinsu, har masu ganin girmansa, ba su da sunan da suke kiransa da shi sai Minti-Biyar, shi kuwa yana amsawa da fara'a, don a ganinsa yabo ne. Fankar dai tana nan a cikin buhu a bayan ƙofa, shekara biyu ke nan.

Ana nan sai aka zo faɗaɗa babban titi. Aka bi shagunan bakin hanya aka shafa musu jan fenti, har da na Maman 'yan biyu, inda take sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi. Aka ce ranar Asabar da ƙarfe sha biyu katafila za ta shigo, duk abin da ta tarar a cikin shago zai tafi tare da bango. Ita kuwa abin da take da shi a duniya yana cikin shagon nan: firiza manya guda biyu, waɗanda da su take ciyar da gidan, ko da yake ba ta taɓa faɗin haka a gaban kowa ba. Shagon yana can ƙasan gangare, gidansu yana sama, firiza ɗaya kuwa sai ƙarti huɗu sun yi nishi kafin ta ɗaga.

Ranar Laraba da yamma yayanta, mai sayar da katako, ya kawo mata aron tsohuwar motarsa a-kori-kura. Fentinta ya ƙoɗe, ƙofa ɗaya sai an ɗaga ta take rufuwa, amma ba ta taɓa kwana a hanya ba. Ya miƙa wa Minti-Biyar makulli, bai sake shi nan da nan ba.

"Tuƙi kawai za ka yi," in ji Yaya. "Kada ka buɗe mata komai. Ko murfin ruwa."

"Haba Yaya, sai ka ce yaro."

"Yaro ai yana jin magana."

Yaya na tafiya, Maman 'yan biyu ta ɗauko mayafi ta ce su tafi yanzu a gama. Mijin ya ce sai ya ji lafiyar motar tukuna. Ya zagaya layi sau ɗaya, ya dawo, ya fito yana girgiza kai kamar likitan da ya ga abin da ba zai faɗa a gaban dangi ba.

"Asma gare ta. Ba ta numfashi. In aka ɗora mata firiza biyu, a tsakiyar hawan nan za ta shiɗe."

"Baban 'yan biyu, katako take ɗauka kullum ta wannan hawan."

"Katako daban, firiza daban. Masu dako ma sun tashi. Gobe da safe."

Washegari ta idar da sallar asuba, ta ɗora ruwan zafi, ta sallami yara makaranta, ta fito ƙofar gida. Bonet a buɗe. Mijinta ya shige ciki har ƙugu. A ƙasa, a kan kwali, ga wani ƙarfe fari mai rassa shida, kamar hannun da aka yi wa ƙarin yatsa. Ashe tun da sassafe ya je wurin masu sayar da tsofaffin kayan mota ya ɗauko.

"Manifol ke nan," ya ce, yana shafa shi. "Shi ke raba wa injin iska da fetur. Na jikinta baƙin ƙarfe ne, hancinsa a toshe. Wannan kuwa daga jikin motar da ta fi ta gudu aka ciro shi. In na sa mata, Yaya da kansa ba zai gane motarsa ba."

"Abin da nake tsoro ke nan," in ji ta.

Maƙwabcinsu tela ya baro kekensa ya zo kallo. Minti-Biyar ya miƙa masa waya.

"Duk abin da zan cire, ka ɗauki hoto, don mu san inda za a mayar. Haka masana ke yi."

A can ɗaya gefen layi, a kan benci, ga Baba Bakanike. Shekara arba'in ya yi a ƙarƙashin motoci kafin idonsa ya yi rauni ya ajiye sifana. Bai taso ba, daga zaune ya yi magana.

"Ɗana, ka zubar da ruwan lagireto?"

"Baba, wannan tsohon yayi ne."

Ya zare wani tiyo mai kauri. Ruwa ja mai tsatsa ya yi tsalle ya wanke masa fuska da gaban riga, saura ya bi kan injin, ya gangara ya shige takalmin tela.

"Ka ga dattin da nake faɗa," in ji Minti-Biyar, yana tofarwa. "Dama so nake ya fita."

"To ai ya fita," in ji Baba Bakanike.

Kafin azahar mutanen layi sun taru. Mai shagon kusurwa ya kawo kujera. Matan gidan da ke kallon nasu sun dawo da tsinken wakensu bakin ƙofa. Minti-Biyar yana kwance noti yana bayani, yana zare wayar wuta yana bayani, duk abin da ya cire sai ya ɗaga shi sama a gani. Wajen la'asar tsohon manifol ya fito, ya bar ramuka shida a jere a jikin injin, baki buɗe.

"Toshe su," in ji Baba Bakanike. "Noti ɗaya ya faɗa ciki, ka gama da injin."

"Yanzu nake shirin faɗa." Ya juya ya ga igiyar shanya. "Maman 'yan biyu, miƙo min safar can."

"Ta makarantar yara ce."

"Aro zan yi. Ba abin da zai same ta."

Ta ciro guda shida, farare masu shuɗin layi a baki, ta ƙirga masa su a hannu ɗaya bayan ɗaya. Ya cusa kowacce a rami ɗaya, ya tura da sukudireba har ta ɓace.

"Kada ka tura can ciki," in ji Baba Bakanike. "Bar bakinta a waje ka gan ta."

"Iska za ta ɗauke."

Ranar Jumma'a aka zo mayarwa. Minti-Biyar ya zauna a kan taya ya ce tela ya kawo wayar. Ya buɗe hoto na farko. Ga shi nan tsaye, hannu a ƙugu, yana murmushi, tumbinsa ya rufe injin. Na biyu, ga shi ya ɗaga sifana. Na uku, ya ɗora ƙafa a kan bamba yana kallon nesa. Hoto talatin da ɗaya, babu tiyo ko ɗaya a ciki, sai kunnen batir a gefen na goma sha bakwai.

"Wane irin ɗauka ne wannan?"

"Kai ne kake cewa in jira ka gyara tsayuwa," in ji tela.

"Ai da ka ce in matsa."

"Na ce. Ka ce hasken ya fi kyau a nan."

Mai shagon kusurwa ya karɓi wayar ya duba, ya ce gaskiya na tara ya yi kyau, ya kamata a wanke shi a rataye a falo.

Maman 'yan biyu ba ta tsaya jin sauran ba. Ta yafa mayafi ta gangara neman wata motar. Amma ba ita kaɗai aka shafa wa jan fenti ba, layin shaguna ne gaba ɗaya. Duk mai mota an riga an kama shi, duk mai kura an kama shi, har mai baro ya ce mata sai Lahadi. Tana tsaye a ƙofar shagonta, tana jin firizojin suna gurnaninsu a hankali, wayarta ta yi ƙara. Yaya ne.

"Kun kwashe?"

Ita ba ta ƙarya, kuma ba ta son tona mijinta. Ta nemi maganar da za ta ratsa tsakani.

"Ana kan aiki, Yaya."

"Motar lafiya?"

"Tana ƙofar gida."

"Gobe zan zo in kama muku," in ji shi, ya kashe.

Ta dawo ta tarar an ɗora sabon manifol. Ramin noti biyu ba su zo daidai ba, ya ce ba dole ba ne, masu ƙera mota suna sa noti da yawa ne don su sayar. Tiyo uku sun rasa wurin zuwa, ya haɗa biyu da juna, na ukun ya toshe shi da murfin biro. A kan dakali ga safa a tare, sun yi baƙi ƙirin. Ta ɗauka za ta jiƙa, hannunta ya ƙirga da kansa, kamar yadda ya saba duk ranar wanki.

"Baban 'yan biyu, shida na ba ka. Biyar ne nan."

"Biyar kika ba ni."

"Yara biyu, ƙafa huɗu, da ta canji guda biyu. Yaushe na taɓa shanya safa biyar?"

"To iska ta ɗauke."

"Tana cikin injin."

Ya yi dariya, ya juya wajen 'yan kallo don su taya shi. "Kun ji mata. Injin sai ka ce kwandon wanki."

Baba Bakanike ya taso a karo na farko, ya dogara sandarsa ya ƙetaro layi.

"Ɗana, matarka ta fi ka ƙirga. Noti takwas ne kawai. Ka kwance, in sa hannu in lalubo maka ita, ido ba ya cikin aikin."

"Baba, na ɗaure da ƙarfin da kamfani ya ce. In na kwance, lissafin ya lalace."

"Wane kamfani?"

"Na motar."

"Wacce? Mai injin ko mai manifol?"

Minti-Biyar ya ce rana ta yi, sai gobe.

Asabar da hantsi sabuwar matsala ta fito. Sabon manifol ya fi tsohon tsawo, ya ɗaga kafireto sama, bonet ya ƙi rufuwa. Ya danna, ya hau ya zauna, ya sauko. Daga ƙarshe ya kwance bonet ɗin ɗungurungum ya jingina shi da bango, ya ce dama injin mai ƙarfi iska yake so. Sai kuma wayar totur, wadda ake ba inji wuta da ita, ta gaza, ta rage kamar taƙi ɗaya ta kai. Ya tsaya yana kallonta. Ya kalli igiyar shanya.

"A'a," in ji Maman 'yan biyu.

Ya kwance igiyar. Ya ɗaura bakinta a jikin kafireto, ya zagayo da ita ta tagar gefen fasinja, ya ce tela ya shiga ya riƙe.

"In na ce ja, ka ja. In na ce saki, ka saki. Ni ina da sitiyari da birki."

"Ni fa ɗinki ne da ni, na mutane."

"Kai da kake taka keke tun safe har dare, igiya ce za ta gagare ka?"

Sha ɗaya saura kwata ya murɗa makulli. Motar ta yi tari, ta yi shiru. Ya sake. Ta yi atishawa ta saman kafireto, wata 'yar wuta ta leƙo ta koma. A karo na biyar ta tashi, amma ba irin tashin da aka sani ba. Duk jikinta rawa yake, madubi yana kaɗawa, ƙofar da ba ta rufuwa tana tafi ita kaɗai.

Baba Bakanike ya karkata kunne. "Cikin silinda shida, biyar ke aiki. Ɗaya ya shaƙe."

"Ƙarfi ne ya yi mata yawa," in ji Minti-Biyar ta taga. "Maman 'yan biyu, hau baya."

"Zan taka da ƙafata."

Ta bi gefen hanya tana salati a zuciyarta, mutanen layi suna biye, har da Baba Bakanike da mai shagon kusurwa yana riƙe da hannunsa. Motar ta kama gangare tana zabura tana tsayawa, kamar akuyar da ake ja kasuwa. Daga ciki ana jin muryoyi biyu.

"Ja. Ba haka ba, a hankali. Saki. Na ce saki."

"Na saki, ita ce ba ta koma ba."

"To tura."

"Igiya ake turawa?"

Da yake gangara ce, da ikon Allah suka isa. Babban titi ya cika maƙil: masu shaguna suna fitar da kanta da buhuna, masu dako suna kai da kawowa, ga katafila can a bakin layin shagunan tana huci, direbanta ya ɗora ƙafa a kan ƙarfe yana duba agogo. Ga kuma Yaya tsaye a ƙofar shagon ƙanwarsa, ya naɗe hannun riga. Ya ga motarsa ta taho ba bonet, igiyar shanya ta fito ta taga, tela a ciki ya riƙe ta da hannu biyu kamar mai jan guga. Yaya ya shiga warware hannun rigar da ya naɗe a hankali.

Da Minti-Biyar ya juya motar ya ja da baya zuwa ƙofar shago, da wataƙila an loda an tafi. Amma ya ga taro, ya ga Yaya. Ya tsaya a gicciye a tsakiyar titi, daidai gaban katafila, ya leƙo da kai.

"Yaya, saurari muryarta yanzu. Tela, ja duka."

"Duka?"

"Har ƙarshe."

Tela ya ja. Injin ya yi kururuwa, ya haura, ya ƙara haurawa, sai aka ji wani irin haɗiya, kamar ƙaton da loma ta sarƙe. Ƙara ɗaya ta tashi, tantabarun da ke kan rufin shaguna suka watse. Baƙin hayaƙi ya fito ta baya, fari ya fito ta gaba. Motar ta yi shiru, irin shirun da kowa ya san ba na hutu ba ne.

Daga bakin salansa wani abu ya faɗo yana hayaƙi. Wata mai sayar da robobi ta sa tsinke ta ɗaga shi sama. Ƙyalle ne da ya ƙone, saura ɗan baki mai shuɗin layi.

"Wannan ai safa ce," ta ce. "Ta wa?"

Maman 'yan biyu ta kalli ƙasa.

Minti-Biyar ya fito, girarsa ɗaya ta ƙone, ya zagaya gaban motar yana taɓa nan yana taɓa can. "Fetur ɗin da ke cikinta ne ba shi da kyau. Yaya, a ina kake shan mai?"

Yaya ya miƙa hannu, tafi a buɗe. Ya bar shi a haka har makullin ya sauka a ciki.

Direban katafila ya danna oda. Sha biyu saura minti goma. Aka taru a tura motar, ta ƙi motsi, don giyar ta maƙale, sai da Baba Bakanike ya laluba ya fitar da ita. Maman 'yan biyu ta dubi shagonta, ta dubi hawan da ke tsakaninta da gida. Ta gyara mayafi ta nufi katafila, ta tsaya a gindin tayar da ta fi ta tsawo.

"Sannu da aiki, ɗana."

"Yauwa Mama. Ku janye motar nan, aiki aka sa ni."

"Na sani, ba zan hana ka aikinka ba. Firiza biyu gare ni a shagon can, su ne abincin 'ya'yana. Motar da za ta ɗauka, ga ta nan ka gani."

Direban ya kalli motar, ya kalli Minti-Biyar da ke yi wa wasu mutum uku bayanin fetur.

"Mijinki ne?"

"Shi ne."

Direban ya sauke ƙafarsa daga kan ƙarfe. "Allah ya ba ki lada, Mama. Ina ne gidan?"

Ya sauke babban bokitin gaban katafilar har ƙasa, a ƙofar shagon. Aka shimfiɗa tabarmi da kwalaye a ciki. Masu dako huɗu, da Yaya, da mai shagon kusurwa suka fito da firizojin ɗaya bayan ɗaya suka ajiye su a ciki a tsaye, aka ɗaure. Direban ya ce tunda dole sai ya kawar da motar daga hanya, a ɗaura ta a baya da sarƙa. Yaya ya shiga ya riƙe sitiyarin motarsa. Minti-Biyar ya kama ƙofar gefen fasinja, Yaya ya kalle shi, sai ya saki ya hau baya.

Haka aka hau gangaren: firiza biyu a sama cikin bokiti kamar manyan baƙi, katafila tana tafiyar ƙasaita, a-kori-kura a ɗaure a bayanta, mutanen layinsu da na babban titi suna rakiya. Maman 'yan biyu tana gefe, idonta a kan igiyar da aka ɗaure firizojin, bakinta yana motsi. A bayan mota kuwa mijinta ya miƙe tsaye ya riƙe ƙarfe, yana yi wa masu wucewa bayani.

"Firiza ba ta son jijjigar ƙaramar mota. Duk wanda ya san aikin, katafila yake nema mata."

Aka sauke su a tsakar gida, a inuwa. Direban ya ƙi karɓar komai sai ruwan sanyi, ya juya ya koma bakin aikinsa. Baba Bakanike ya ce a bar su su huta zuwa yamma kafin a sa musu wuta. Da la'asar ta sa. Ta farko ta ɗauka, ta biyu ta ɗauka. Ta dafa murfin kowacce tana jin sanyin yana dawowa, ta ce alhamdulillahi a hankali.

Minti-Biyar ya matso, ya durƙusa a bayan ta biyun, ya kara kunne.

"Kun ji wani ɗan kaɗawa a injinta? Hanya ce ta motsa shi. Bari in ɗauko sukudireba."

Ya shiga ɗaki. Kafin ya fito, Maman 'yan biyu ta shimfiɗa dardumarta a kan firiza ta farko, ta hau ta zauna, ta ɗauko carbi. Yaya ya cire takalmi ya haye ta biyu, ya harɗe ƙafa, bayansa ya rufe wurin injin.

Minti-Biyar ya fito da sukudireba a hannu, ya tsaya yana kallonsu.

"Yaya, ɗan matsa kaɗan."

"Nan zan kwana," in ji Yaya.